Tsibiran Da Wuri Ya Fito

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa riƙe wuri a hannunka? Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci muna koyon lissafi da tsakuwa. Sai wani dattijo ya zaro wuri bakwai daga aljihu. Ya ce na kakarsa ne, da irinsu take sayen gishiri. Ya ce mini: "Malam, a wane gulbi ake samun wannan?" Ga amsar da na ba shi.

Da yawa cikin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, daga tsibiran Maldib ya fito. Suna can tsakiyar tekun Indiya. Sun kusa 1,200, amma waɗanda ke da garuruwa ba su wuce 200 ba. Mutanen Musulmi ne. Matafiyin nan Ibn Battuta ya yi alƙalanci a can, daga baya ya zo Takadda, a ƙasarmu, a 1353.

Murjani ne ya gina tsibiran. Murjani ƙananan halittu ne na cikin teku. Suna yi wa kansu gida mai tauri, kamar yadda gara ke gina suri. Gida kan gida, shekara da shekaru, har tudu ya leƙo bisa ruwa.

Yau ba wuri ake zuwa nema ba. Tun 1972 baƙi ke zuwa yawon buɗe ido. A 2024 sun wuce miliyan 2. Jirgin sama ke sauke su kusa da Male, babban birni, jirgin ruwa ya kai su masauki. Sau da yawa tsibiri guda, otel guda. Suna kwanciya bisa farin rairayi, suna nutso su kalli kifi kala-kala. Ƴan ƙasar sun samu aiki, gwamnati ta samu haraji.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mafi yawan ƙasar bai kai mita 2 bisa teku ba, tekun kuwa ƙaruwa yake yi. A 1998 da 2016 ruwa ya yi zafi, murjani mai yawa ya yi fari ya mutu. Shi ne kuwa shingen da ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Shara ma ta yi yawa, har an ware mata tsibiri guda.

Da na gama, dattijon ya yi shiru. Can ya ce: "Ashe su ruwa ke cin gonarsu, mu rairayi." Gaskiya ya faɗa. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan sare itatuwa, mun san zafin rasa shinge.

Baƙo raɓa ne. Ya sha kallo ya koma gida, ɗan gari ke zama da abin da ya saura. In Allah ya kai ka ƙasar wasu, kada ka karya shingensu. Kafin nan, ka kula da gawon gonarka.