Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Duk wanda ya taɓa rabon goro a wurin suna ya san akwai adadi mai sauƙin kai, akwai kuma mai taurin kai. Goro 12 ya rabu daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Amma goro 13 ba ya rabuwa ba saura, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Irin waɗannan lambobi masu taurin kai ba su da iyaka, akwai ƙanana, akwai manya.

Ga hanyar samun wata babba daga cikinsu. A ajiye ƙwayar gero ɗaya yau, gobe 2, jibi 4, kullum ana ninka abin da aka zuba jiya. A kwana 3 tarin ya zama 7, a kwana 5 ya zama 31, a kwana 7 ya zama 127, dukansu ba sa rabuwa. Amma kada mai karatu ya yi gaggawar yanke hukunci, gama a kwana 11 tarin 2,047 ne, watau 23 sau 89. A kwana 31 kuwa ya kai 2,147,483,647. To, wannan fa, tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Wani masanin lissafi mutumin Suwizalan, mai suna Oila, shi ya ba da amsa a 1772, yana zaune a Rasha, idanunsa sun riga sun mutu. Bai tsaya gwada lambobi bi da bi ba. Ya lura in har tana rabuwa, lalle akwai mai raba ta da bai wuce 46,340 ba, domin 46,341 sau 46,341 ya zarce ta. Akwai kuma ƙa'idar da ta nuna duk mai raba ta, in aka raba shi da 62, sai saura ɗaya. Da wannan kaɗai abin gwadawa bai kai 750 ba. Ya ƙara tankaɗewa, ya gwada waɗanda suka rage, ba wadda ta raba ta.

Lambar nan ba ta tsaya cikin littattafai ba. Kwamfutoci da yawa an ƙera su da gurbin da ba ya ɗaukar adadin da ya fi ta, suna kuma ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgan zai cika gurbin ran 19 ga Janairu 2038, agogon duk injin da ba a gyara ba ya koma 1901. Shi ya sa ma'aikata ke ta faɗaɗa gurbin tun kafin ranar ta zo.

Oila bai tsorata da girman lambar ba, bai kuma yarda da zato ba. Mai riƙe da littafin haraji ko na kanti, haka ya kamata ya yi: ya nemi dabarar rage aiki, sa'an nan ya bi abin da ya saura ɗaya bayan ɗaya.