Hannun Baba da Mitar Bompai

Hausawa na cewa sani ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ban gane nauyin wannan magana ba sai da jami'a ta tura ni koyon aiki a wata masana'antar roba da ke Bompai, tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano.

Ya ɗan'uwana ɗalibi, ka sani mitar masana'anta abu biyu take aunawa. Na farko shi ne jimillar wutar da aka sha, wato kamar ruwan da gida ya ɗiba a wata. Na biyu kuwa shi ne nauyin da aka ɗora wa taransifoma a lokaci guda. Mita takan ɗauki matsakaicin nauyin kowane minti 15 ko 30, ta riƙe mafi girma. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa KEDCO da ta karɓi rabon wutar Kano a 2013, da wannan awo ake sanin ƙarfin mai masana'anta.

To, mita ba ta iya haɗiye wutar injuna kai tsaye. Akwai wani zobe da ake zura wa waya, ya rage wutar ya miƙa mata ɗan kaɗan, ita kuma ta ninka. Namu yakan mayar da amfiya 800 zuwa 5. Da aka sayi sabuwar mita don ɗakin sarrafa wutar gidan, ni aka ba aikin saita ta. Saboda gaggawa da jin kai, sai na shigar da 400 maimakon 800.

Mita ta dinga nuna kVA 230, alhali taransifomarmu ta 500 ce. Manaja ya yi murna, ya ce a ƙaro injin da zai ci 150. Amma wani dattijon ma'aikaci da muke kira Baba, wanda bai wuce elementare ba, ya ɗora hannu a jikin taransifoma ya ce, "Ɗana, wannan zafin ba na rabin kaya ba ne. Koma ka duba lissafinka."

Da na duba sai gabana ya faɗi. Nauyin gaskiya 460 ne. Da an ƙara injin nan ya kai 610, taransifoma ta ƙone, magidanta da yawa su zauna gida ba albashi. Na kwana ina shawara da zuciyata, ko in gyara a ɓoye. Amma manaja ya riga ya gina shirinsa a kan kuskurena. Da safe na je na faɗa masa. Na sha faɗa, aka fasa kawo injin.

Saboda haka, 'yan'uwa, na'ura abin da ka gaya mata shi take maimaita maka. Kada takardar shaida ta hana mu sauraron na gaba. Allah ya sa mu dace, amin.