Daga Dutse Uku Zuwa Kan Shere

Duk wanda ya tashi a gabashin Jos ya san Duwatsun Shere da ido. Ta bayansu rana ke ɓullowa, a kansu kuma hadari ke fara zama kafin ya gangaro gari, har mata masu shanya kan ɗaga kai su dube su kafin su kwashe kaya. Amma da yawa daga cikinmu Hausawan Jos mun je Kano, mun je Legas, wasu har sun sauke farali, ba mu taɓa sa ƙafa a duwatsun da ba su wuce kilomita 10 daga tsakiyar gari ba. In ka tambaya sai a ce maka, me mutum zai je yi a daji?

Wani abokina ɗan Afizere, wanda muka yi sakandare tare, shi ya dame ni da maganar har na yarda. Muka sa wata Asabar cikin watan Agusta, ya ce in same shi a Dutse Uku da zarar na idar da sallar asuba, in kuma zo da rigar sanyi da takalmin da ba na jin tausayinsa.

Rabona da shiga unguwar da ƙafa an jima. A wannan yankin ne rikicin 17 ga Janairun 2010 ya faro, a kan sake gina wani gida da aka ƙona a rikicin Nuwamban 2008, kafin wutar ta bazu zuwa Bukur da ƙauyuka ta ci ɗaruruwan rayuka. Tun daga nan unguwannin Jos suka ƙara rarrabuwa, kowa ya san inda iyakarsa take ko da ba a kafa allo ba. Mun wuce kangaye da ciyawar damina ta cika ɗakunansu, wani ma har an shuka masara a tsakar gidansa. Abokina bai ce komai ba, ni ma haka. Wata mai suyar ƙosai ta bi ni da kallo, ta ga hula, sannan ta ga wanda nake tare da shi, ta ce, "Sannunku da sanyi." Muka sayi na karin kumallo muka yi gaba.

Jos ba ta ƙarewa farat ɗaya. Gidaje ne ke raguwa, duwatsu na ƙaruwa, har sai ka ga gida ɗaya ya jingina da dutsen da ya ninka shi girma. A gefen hanya mata na zaune da guduma suna fasa dutse, kowace da tulin tsakuwarta tana jiran tifa. Muka bar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, muka bi gefen dam ɗin da ke cikin waɗanda ke ba gari ruwan famfo. Ya cika ya batse, hazo na tashi a kansa. Daga nan kwalta ta sallame mu.

Abin da ɗan birni ke kira daji, da na shiga sai na tarar babu taku ɗaya da ba shi da mai shi. Tsakanin dutse da dutse, duk inda ƙasa ta kai faɗin tabarma an shuka wani abu: masara ta yi goyo, gyaɗa, rizga, dankalin Turawa da aka riga aka haƙe wasu kunyoyinsa. Kowace gona an zagaye ta da shingen ƙerana, wannan tsiro mai ƙaya da farin ƙaro da in ya shiga ido sai an ji jiki. Mutanen tudun nan na Jos sun daɗe da shi. A da, lokacin hare-haren mahaya masu neman bayi, shi da duwatsu ne garkuwar ƙauyuka, yanzu kuwa awaki da shanu yake tarewa. Hanyar ƙafa takan matse tsakanin shinge biyu, sai mutum ya bi a karkace yana tattare hannun riga.

A wata gangara muka iske wata dattijuwa sunkuye cikin wani fili da baƙo zai rantse ciyawa ce kawai.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa, sannunku 'ya'yana. Ina zuwa da sassafe?"

"Kan dutse za mu."

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Me kuka ajiye a can?"

Abokina ya yi dariya ya juya harshe zuwa Izere, yarensu na Afizere, suka yi ta yi, yana gaya mata ɗan gidan wa ne shi. Sai da ta gano kakarsa sannan ta nuna mana hanya, ta ƙara da Hausa don ni: "Ku bi gefe, kada ku taka mini acca."

Acca ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwayarta ba ta fi yashi girma ba, watsa ta ake yi ba a binnewa rami-rami, kuma tana yi a ƙasar da dawa da masara za su ƙi, irin wannan mai tsakuwa da ruwan sama ya wanke. Wahalarta a bayan girbi take, wajen sussuka da surfe da rairaye yashi, aikin da mata ke kwana a kansa. Da can a birane ana yi mata kallon abincin mutanen dutse. Yau masu ciwon sukari a Kano da Abuja su ke aikowa a saya musu, kuma mudunta ya wuce na masara nesa ba kusa ba. Ko nawa ne daga cikin wannan kuɗin ke isowa hannun mai sunkuyen nan, wannan wata magana ce.

Muka gangara wani kwari, sai ga tafki kore shar, gefensa tudun jar ƙasa da ba Allah ne ya tara ta haka ba. Ramin kuza ne. Kuza a jikin irin waɗannan duwatsun take, ruwan dubban shekaru ya wanko ta ya zube a kwaruruka da gindin rafuka, shi ya sa masu haƙa suka bar ƙololuwa suka farke kwari. Tun kafin Bature, maƙeran Liruwe suna narka ta su fitar da dalma siri-siri a kai kasuwa, kuma wannan dalmar ce ta sa kamfanin Neja ya biyo sawu a farkon shekarun 1900. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Ta waɗannan hanyoyi, da kuma a ƙafa, kakannin da yawa daga cikinmu suka hauro daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, suka ɗauki kwanon sarki a ka. Wasu da son ransu suka zo. Wasu kuwa ɗiban gwamna ne ya kawo su daga 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya Ingila ta rasa kuzar can, aka tilasta wa talakawan Arewa aikin bariki, sanyin tudu da cuta suka kashe da yawa. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka tattara, ramukan suka rage. Yanzu da ruwansu ake noman rani, kabeji da karas da tumatir da latas da ake lodawa zuwa kudu, kuma su ne ke cin yara masu wanka, don gefensu a tsaye yake babu tudun dafawa. Na tsaya a bakin wannan na daɗe. Mai gonar da aka farke a nan bai ga ribar ba, leburan da ya farke ta ma bai gani ba, ga shi jikokinsu ne ke hararar juna a gari.

Hawan gaske daga bayan tafkin ya fara. Dutsen damina ba abin wasa ba ne: gansakuka ta lulluɓe shi, inda ka ga yana sheƙi nan ne zai kayar da kai. Abokina na gaba yana cewa in taka inda ya taka. Manyan duwatsu sun hau kan juna kamar jeren kwanukan amarya, wani ƙato a kan ɗan ƙarami, ka rasa abin da ya hana shi mirginowa. Rema ta leƙo ta koma. Can sama birai suka yi mana tsawa, don su ma suna da gonakin da suke sa wa ido.

A wani ɗan fili muka haɗu da yaro Bafulatani da shanunsa farare. Da damina sama suke haurowa da su, nesa da shuka, su sauko ta burtalin da kowace shekara gonaki ke ƙara matsewa. Ya gaishe ni da "Sannu Baffa," ya gaida abokina da harshen Izere tiryan-tiryan, har suka yi wa juna ba'a. Ya ce mu yi sauri, ruwa zai sauko bayan azahar. Na dubi sama na ga garau, na yi shiru.

Akwai wani kurmi a lungun duwatsu da hanya ta kauce wa da gangan, ta yi doguwar kwana. Na nufi yankewa ta ciki, abokina ya riƙo hannuna. Wurin kakanni ne, in ji shi, ba a shiga, ba a saran itacensa. Shi kansa ɗan coci ne tun kakansa, amma bai ga dalilin da zai sa ya zama shi ne na farkon karya dokar ba. Na lura itatuwan da ke wurin sun fi na ko'ina tsayi, don ko'ina gatarin masu itace da gawayi ya gama da su. Irin wannan ragowar kurmi ne a Amurum, can wajen Laminga, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a farkon shekarun 2000 tare da Jami'ar Jos. Masana daga ƙasashe ke zuwa don wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 aka tabbatar jinsi ne na daban, da kuma wani baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a ta jan, 'ya'yansa su tashi suna kukan mai riƙonsu. Mun ga jajayen tsuntsaye, amma ba zan yi rantsuwa a kan ko su ne ba.

Kafin mu kai sama muka jiyo waƙa da tafi. Matasa ne cikin kayan horo daga makarantar koyar da shugabanci da ke gindin Shere, wadda kowa ke kira Man O' War, ana kora su kan dutse da igiya. Wata budurwa ta zauna ta ce ko za a kashe ta ba ta ƙara taku ɗaya. Na fahimce ta sarai.

Ƙololuwar Shere ta kai wajen mita 1,829, ita ce mafi tsayi a wannan tudu, garin Jos kuwa yana wajen mita 1,200. Mu dai mun tsaya a kan wani faffaɗan dutse da ya ishe mu. Iska mai sanyi na kaɗawa har sai da na mayar da rigar da na cire. Ga Jos can yamma, rufin kwano na ƙyalli, ga tafkunan kuza birjik, ta gabas kuma ƙasa na gangarawa wajen Fobur da Angware har ta nufi Bauchi. Ruwan da ke sauka a tudun nan uku yake rabuwa. Wani ya bi Dilimi ya shiga kogin Bunga da Jama'are ya nufi Tafkin Chadi, wani ya bi Gongola ya faɗa Binuwai a Numan, wani ya bi kogin Kaduna ya tarar da Kwara. Mai noman shinkafa a fadamar Jama'are bai san da dattijuwa mai acca ba, amma ruwan da ya wanke gonakin tudun nan ne yake jira. Na yi alwala da ruwan da ya taru a kwarmin dutse, mai sanyin da ya sa haƙorana haɗuwa, na yi azahar, abokina na gefe yana gama sauran ƙosai.

Yaron nan mai shanu ya fi ni sanin sama. Muna cikin saukowa gabas ta haɗe, iska ta juya, kafin mu kai gonaki ruwa ya tsuge har da 'yar ƙanƙara. Muka ruga wani ƙauye da bai fi gida goma ba, rabi jinka rabi kwano, da rumbunan laka da ƙaramin coci, ga wata ƙatuwar bishiyar atili a tsakiya. Ba mu yi sallama sau biyu ba aka ce mu shigo. Matar gidan ta kawo gwaten acca mai zafi da yakuwa da gauta, ta dube ni ta ce, "Malam, ci abinka, babu nama a ciki." Ban tambaya ba, ita ta san abin da ke raina.

Maigidan tsoho ne, yana jin ɗumi a bakin murhu da bargo a kafaɗa. Ya ce mahaifinsa ya yi aikin kuza, a bariki ya koyi Hausa wurin Kanawa, har ya fi 'ya'yansa iya ta. Daga nan ya koma kan abin da ke cin ransa. Gari na tahowa. Kowace shekara sai ya ga sababbin turakun siminti a gonakin da ya sani, yara na sayar da gadon iyayensu su sayi keke ko babur, bayan shekara biyu babu gonar babu babur ɗin. Sai ya kafe ni da ido.

"Kai ma fili ka zo dubawa?"

"A'a Baba, yawo kawai muka zo."

"Yawo." Ya juya ga abokina ya faɗi wata magana da Izere, duk ɗakin aka fashe da dariya. Da na matsa, abokina ya ce cewa ya yi na ƙarshen da ya zo yawo, da ma'auni ya dawo.

Ruwa ya ɗauke wajen la'asar. Tsohon ya haɗa mu da jikansa ya fitar da mu ta wata gajeriyar hanya, don rafin da muka tsallake da safe ya kawo, ba ya ƙetaruwa. Yaron na gaba da silifas yana tsalle daga dutse zuwa dutse, mu masu takalma muna ta zamewa a baya. Muka iso kwaltar Lamingo dab da magariba, jar laka har gwiwa. Mai keken farko ya dube mu ya wuce. Na biyu ya tsaya, ya ce zai ɗauke mu, amma sai mun ƙara masa kuɗin wanke kujera.