Yaran Gidan Kwano da Masu Kutse a Wutar Nepa

Yau kan wutar lantarki zan yi magana, amma ba irin kukan da muka saba yi ba.

Duk wanda ya zauna a nan ya san kirarin Jihar Neja, wai jihar wuta. Kirarin ba na banza ba ne. Kainji tana aiki tun 1968, Jebba na bakin iyakarmu da Kwara, Shiroro da ke kan kogin Kaduna an buɗe ta a 1990 da megawat 600, ga kuma Zungeru mai 700 da ta zo daga baya. Duk da haka janareta ne ke riƙe da firizar shagon Babanmu a Kpakungu. Shi ya sa in ka ce wa mutumin kasuwa akwai masu binciken yadda za a kare wutar ƙasa daga masu kutse ta kwamfuta, dariya zai yi. Zai ce wutar da ke faɗuwa da kanta, wa zai wahalar da kansa ya kayar da ita?

To irin waɗannan masu binciken suna nan kusa da mu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, kan hanyar Bida, tana da sashe guda na karatun tsaron kwamfuta da intanet. Wasu ɗalibai masu karatun digiri na biyu suna tsayawa shagonmu sayen ruwan sanyi da kati kafin su hau mota, kuma da yake ni mai yawan tambaya ne, muka saba. Aikinsu a kan na'urorin da ke kula da layukan wuta ne, tsarin da suke kira SCADA. Yadda ɗayansu ya yi mini bayani, wato mutum na zaune a ɗaki yana kallon allo, yana ganin abin da ke faruwa a tasha mai nisa, in ya ga dama ya buɗe layi ko ya rufe ba tare da ya taka ƙafa can ba. A wurinsu tambayar ita ce, in wani ya saci hanyar shiga wannan allon fa?

Abin ya taɓa faruwa. Ranar 23 ga Disamba 2015, a ƙasar Yukiren, cikin tsananin sanyi, masu kutse suka kashe wa mutum fiye da 200,000 wuta. Watanni kafin nan suka shiga ta saƙon imel na yaudara da aka tura wa ma'aikata, suka laɓe suna koyon yadda komai ke tafiya. Ranar da suka tashi, ma'aikaci na kallo kibiyar kwamfutarsa na yawo da kanta tana kashe tasha bayan tasha, shi kuma ba ya iya hana ta. Har layin wayar kamfani suka cika da kiran ƙarya don kada jama'a su samu kai ƙorafi. Abin da ya dawo da wutar cikin 'yan sa'o'i shi ne ma'aikata sun hau mota sun je tashoshin sun tayar da su da hannu.

Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mini a rai. Yawan aikin hannu da ake yi a harkar wutarmu, wanda muke gani ci baya ne, yana ɗan kare mu. Amma ba zai dawwama ba, don kullum ƙara jona abubuwa ake yi da kwamfuta. Ku tuna rububin da aka yi kafin 24 ga Nuwamba 2024, da aka ce duk mai mitar kati ya shigar da sababbin lambobi ko mitarsa ta daina karɓar kati. Tsofaffin layinmu ni na yi ta danna musu lambobi 20-20. Ashe wutar ɗakinka ta riga ta koma lamba, tun kafin a je ga manyan tashoshi.

Kuma mun ga abin da duhu ke yi. A Oktoba 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako babu wuta. 'Yan uwanmu a Kano masu ƙanƙara, masu walda da masu niƙa sun ji a jikinsu. Wannan sai da mutane suka shiga daji suka yi ɓarna. Shi kuwa mai kutse ko takalmi ba sai ya sa ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne ƙanena. Shekara ta ƙarshe yake a sakandare, lissafi na zama a kansa, kuma tun da ya fara sauraron hirar ɗaliban nan ya ce shi wannan karatun zai nema. Baba kuma so yake ya buɗe masa rumfa a Kasuwar Kure, kamar yadda ni ma na tsaya shago bayan na gama sakandare. Ba na raina shago, shi ya ciyar da mu tun zuwan Baba daga Ɗambatta. Sai dai ina lura, mu ne ke sayar wa ɗalibai burodi, mu kai su a mashin, mu canza musu kuɗi, amma 'ya'yanmu kaɗan ne a cikin ajin. Wasu na cewa ai mu baƙi ne, ba za a ɗauke mu ba. Jami'ar ta tarayya ce, jama'a, kuma wanda bai cike fom ba ba shi da bakin cewa an hana shi.

Na samu Baba bayan sallar isha'i na ce, “Baba, a bar shi ya gwada shekara ɗaya. Kuɗin JAMB da na darasi ni zan biya daga ribar katin da nake sayarwa.” Ya yi shiru, can ya ce, “Wato yaron zai zama mai gadin wutar da ba ta zuwa ke nan?” Muka yi dariya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce sai ya yi shawara da Baffa in ya je gida ƙarshen wata. Rumfar kuma har yau bai biya kuɗinta ba.

Wanda yake da ɗa ko ƙane a wannan sashen, don Allah ya leƙo shago, ina son jin yadda suka shirya wa jarrabawar shiga.