Keke a Kolombiya, Keke a Gida

Lahadin farko da na yi a Bogota, na fito da hantsi na tarar an rufe manyan tituna, ba mota ko ɗaya, sai kekuna. Na ɗauka wani babba ne zai wuce. Ashe haka suke yi duk mako, daga bakwai na safe zuwa biyun rana, kuma cikin masu taka fedar har da waɗanda suka bar motoci a gida.

A wajenmu keke matakala ce. Yaro ya je makaranta da shi, magidanci ya ɗaura masa jarkoki ko buhun masara, ranar da Allah ya buɗa kuwa sai a jingine shi a zaure a sayo babur. Mai kuɗin da ya ci gaba da hawan keke, in ba a ce rowa ba, a ce karayar arziki.

Gwanin tseren keken Kolombiya Nairo Kintana ma da keken makaranta ya fara. Ɗan manoma ne daga Kombita a jihar Boyaka, ƙasar da ta kai kusan mita 3,000 sama da teku. Makarantarsa tana Arkabuko, kimanin kilomita 16: zuwa gangare, dawowa hawa, kullum. Jikin da ya tashi inda iska ba ta wadata ba yakan saba aiki da kaɗan, ga shi kuma ƙaramin mutum da bai cika kilo 60 ba, don haka tsauni bai da abin da zai ja a jikinsa.

Amma ba wannan kaɗai ba ne. Mutanensa sun san abin da suke gani. Tun 1987 ɗan ƙasarsu Luis Herera ya ci gasar tseren keke ta Sifaniya, har laƙabi suke yi wa gwanayen hawan tsauninsu, wai buzuzu, kuma yabo ne! Sai Nairo ya samu masu horo da tseren yara. A 2013 ya zo na biyu a Tour de France, ya karɓi rigar sarkin tsauni mai ɗigon ja. A 2014 ya ci gasar Italiya, a 2016 ta Sifaniya. Tabo bai rasa ba: an soke sakamakonsa na Tour de France a 2022 saboda tiramadol, ƙwayar da mu ma mun san ɓarnarta.

Muna da Jos, muna da tsaunin Mambila. Malaman makarantun can, yaron nan da ke hawo tudu da keke bai sauka ya tura ba, ku riƙe masa agogo.