A Wasan Tanis Ba A Ɗauko Bashin Turmin Baya

Akwai wani dattijo a unguwar Jahun cikin birnin Bauci, tsohon malamin makaranta, wanda tun yana yaro ya san ƙwallon tanis, domin ya yi tsintar ƙwallo a Barikin Turawa. Ran 14 ga Yuli, 2019, ya zauna gaban talabijin tare da autansa, ana wasan ƙarshe na gasar Wimbledon ta ƙasar Ingila tsakanin Roger Federer da Novak Djokovic. Shi kuwa yaron a makon nan ya faɗi darasi guda a jarrabawar fita, har ya rantse shi da boko sun raba gari.

Aka shafe awa huɗu da minti 57 ana gumurzu, Djokovic ya ɗauki kofi. Da aka nuna lissafi sai ga Federer da maki 218, Djokovic da 204. Yaro ya tashi a fusace ya ce wannan zalunci ne, yaya mai rinjayen maki zai koma hannu rabbana?

Dattijo ya ce masa ya zauna. Ya bayyana masa cewa lissafin tanis hawa uku ne. Na farko shi ne gem, inda ake ƙirga 15, 30, 40, sa'an nan ci. In an yi kunnen doki a 40, sai wanda ya jera maki biyu. Na biyu shi ne turmi, kamar na dambe: wanda ya riga cin gem shida da ratar biyu, shi ke da shi. In an kai shida da shida sai a yi raba-gardama, watau rige-rigen maki bakwai, nan ma da ratar biyu. Na uku shi ne wasan ɗungum, wanda a manyan gasa maza ke yi turmi biyar, mai uku ya yi nasara.

Ya ce, "To, duba ka gani. A turmi na biyu an lallasa Djokovic shida da ɗaya. Amma da aka shiga na uku, allo ya koma babu da babu. Ratar nan ba ta bi Federer ba, kunyar nan ba ta bi Djokovic ba. Turmi uku da ya ci duk da raba-gardama ya ci su, da ƙyar da jiɓin goshi. A na biyar ma, sau biyu ya rage wa Federer maki ɗaya tak ya ɗaga kofi, bai samu ba. Mutumin da aka kai bakin rami bai yar da sandarsa ba."

Yaro ya yi shiru. Can ya ce, "Baba, ai ni turmina ya riga ya wuce."

Uban ya ce, "Turmi guda ne ya wuce. Alƙalin wasa bai sauko daga kujera ba tukuna."

Bai ƙara masa ko kalma ba, ya ɗauki buta don sallar magariba ta gabato. Washegari da sassafe uwar yaron ta iske shi a zaure, ya kakkaɓe ƙurar littattafansa, yana tambayar ranar da za a fara sayar da takardar sake jarrabawa.