Inda Ruwa Ke Haɗuwa

Jiya bayan sallar isha'i muna zaune kan tabarma a tsakar gida, ana shawarar inda za a kai yara idan hutu ya zo. Babban yana son Argungu, ya ga Matan Fada inda ake gasar kamun kifi tun 1934. Ƙanwarsa kuwa Yawuri take so, don ta shiga kwalekwale a kan kogin Kwara. Uwargida ta ce, "Malam, a fara tambayar wace hanya ce ke da lafiya." Inna na gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba. Kallonta ya tuna mini da labarin kakanta, wanda ya bar Anka a ƙafa, ya ratsa Sudan yana ƙwadago, har ya hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Da ya dawo, yaran da ya bari sun yi aure. Mu ga mota ga kwalta, amma tafiyar yini ɗaya sai mun kwana muna auna ta. Can na tuna gulbin nan namu na Zamfara yana bi ta Gummi da Jega, ya haɗu da ruwan da ya baro Argungu, su gangara Kwara tare, su wuce ta Yawuri. Ashe abin da yaran ke gardama a kai ruwa ɗaya ne. Kowace hanya muka bi, abin da zai zauna a zuciyarsu shi ne muna tare, Inna na nan da ranta.